Kwalbar Kawu da Daren da Sanƙarau Ya Shigo Gidanmu

Ni malamar firamare ce a wani ƙaramin gari da ke ƙasar Kaura Namoda, a jihar Zamfara. 'Ya'yana biyar. Na biyunsu, wanda muke kira Abba saboda sunan kakansa ya ci, ba ya ji da kunnen hagu tun bazarar 2017. Duk garinmu an san sanƙarau ne ya yi masa haka. Abin da mutane ba su sani ba shi ne abin da ya gudana a ɗakina tun daga magariba har tsakar daren ranar, da wata 'yar kwalbar maganin homiyofati da ta shiga tsakani. Na yanke shawarar faɗar labarin ne saboda yanzu ina cin karo da tallar irin wannan kwalba a Facebook da WhatsApp, kuma iyaye mata irina ne ke tambayar kuɗinta.

Kawu ne ya kawo mana ita. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon hedimasta, kuma katangarmu ɗaya da shi. Shi ya sa ni makaranta lokacin da ake cewa karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, shi ya biya mini kuɗin jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. A 2013 ya raka wani amininsa Indiya neman magani, don shi ke jin Turanci. A can ya ga ɗakunan shan magani na homiyofati, da likitocinsu masu takardun shaida a bango, da layin mutane har bakin titi. Ya dawo da ƙaramin akwatin katako mai jerin kwalabe, kowace cike da fararen ƙwayoyi masu zaƙi waɗanda ba su kai ƙwayar dawa ba, da wani littafi da ya sha karatu har bangonsa ya cire.

Kawu ba ɗan damfara ba ne, ina so a riƙe wannan tun yanzu. Bai taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Idan ka zauna da shi zai ba ka tarihin abin tiryan-tiryan: wani likitan Jamus ne mai suna Samuel Hahnemann ya fito da hanyar a 1796, bayan ya sha ɓawon itacen da ake samun kwinin daga gare shi, ya ji jikinsa ya yi irin na mai zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya kafa ƙa'idarsa, cewa abin da ke haifar wa mai lafiya alamun wata cuta shi ne zai warkar da mai cutar idan an tsarma shi sosai aka ba shi kaɗan. Kawu yakan ƙara da cewa gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum a 2014 da ke kula da wannan hanya tare da magungunansu na gargajiya. Ko ƙasa mai yawan likitoci irin Indiya za ta yi haka a kan shirme? Haka yake tambaya, mu kuwa ba mu da amsa.

Maganin yana da dokoki. Ba a taɓa ƙwayar da hannu, sai a zuba a murfin kwalbar a juye ƙarƙashin harshe. Ba a ci ba a sha na ɗan lokaci kafin nan da bayan nan. Ba a ajiye akwatin kusa da kafur ko man zafi ko turare mai ƙarfi. Waɗannan dokoki su ma sun ƙara masa kwarjini a idonmu.

Ni ce ta farko a gidanmu da ta sha shi a kan babban lamari. Bayan kakar 2016 muna dawowa daga biki da yamma, sai 'yan bindiga, waɗanda a lokacin muke kira ɓarayin shanu, suka buɗe wa motar da ke gabanmu wuta. Direbanmu ya yi ta maza ya juya, muka bi ta gonaki. Ko ƙwarzane ban samu ba. Amma ina shiga gida, na aje gyale, sai jikina ya ƙwace mini. Haƙora suna haɗuwa, zuciya tana bugu har cikin kunnuwa, numfashi ya ƙi isa ƙirji, yatsu suka yi sanyi suka ƙage. Na tabbata mutuwa ce ta biyo ni gida. Har na fara yi wa babbar 'yata wasiyyar ƙannenta.

Aka kira Kawu. Ya shigo da fitilarsa da akwatinsa, bai ɗaga murya ba, ya sa aka fitar da yara da matan da suka cika ɗakin suna salati. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, kin iso gida. Ga ɗakinki, ga 'ya'yanki, babu wanda ya biyo ki." Ya zuba mini ƙwayoyi daga kwalbar da aka rubuta wa sunan akonayit da lamba 30C, ya ce wannan shi ne na firgita da duk ciwon da ya faɗo farat ɗaya. Ya ce in riƙe su ƙarƙashin harshe, in ja numfashi a hankali, in bi shi muna faɗin Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Kafin a kira isha'i rawar jikin ta tsaya. Na yi kuka mai yawa, na yi barci.

Wa zai gaya mini a wannan lokaci cewa ba maganin ba ne? Na ji a jikina. Na ba matan makarantarmu labari, na ba 'yan uwana. Kawu ya zuba mini nawa a wata kwalba, na ajiye a cikin kwalla.

Watan Maris ya shigo da zafinsa da ƙurarsa. Mun ji a rediyo ana maganar sanƙarau a wasu ƙananan hukumomi, amma hankalina a kwance yake ta wannan fuska, domin an yi wa Abba allurar rigakafin sanƙarau yana ƙarami, a zagayen da aka yi a 2011. Katin yana nan a ajiye.

Ranar da abin ya faru, da la'asar, wani ya shigo gari a guje yana cewa ga su nan. Ƙarya ce, makiyaya ne kawai suka ratso da shanunsu, amma kafin a gane haka yaran Islamiyya sun watse, ana tattake juna a ƙofa. Abba, yana da shekara tara a lokacin, ya iso gida ba takalmi, yana haki, ya ce kansa yana ciwo. Da magariba jikinsa ya yi zafi rau. Ya amayar da kunun da na ba shi. Sai juye-juye yake a tabarma, yana neman ruwa, yana zabura idan an rufe ƙofa da ƙarfi. Maigidana yana kudu ya kai kaya, sai a waya muka yi magana, ya ce a kira Kawu.

Kawu ya dube shi, ya ji labarin gudun da aka yi, ya buɗe littafinsa ya nuna mini. Gaskiya abin da ke rubuce ya yi daidai da yaron: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya bayan tsoro, rashin natsuwa, ƙishirwa, firgita. Ya ce, "Irin naki ne, ɗiyata. Tsoro ne ya shige shi." Ya ba shi akonayit, ya ce za a maimaita bayan ɗan lokaci. Muka yi shawarar idan gari ya waye bai ji sauƙi ba sai a kai shi Kaura. Wanda bai zauna a yankinmu a waɗannan shekaru ba zai ga kamar abu ne mai sauƙi a ce a tafi asibiti da dare. Hanyar da aka yi harbi a gabana ita ce dai hanyar, kuma bayan isha'i ko mai mashin ba ya son hawanta.

Bayan isha'i yaron ya yi shiru. Juye-juyen ya tsaya, ya lumshe ido. Muka yi hamdala, Kawu ya koma gida ya ce a tashe shi in an ga wani abu. Na zauna ina yi masa fifita, ina jin sanyi a raina cewa maganin ya kama.

Wajen sha biyun dare na taɓa ƙafarsa na ji ta yi sanyi ƙalau, hannuwansa ma haka, alhali goshi da ciki kamar wuta. Na haska masa tocila, ya saki wata ƙara ya kau da fuska. Na kira sunansa, ya amsa da wata magana da ba ta da kai. Na aika aka taso Kawu. Ya riƙe hannun yaron ya ce ni ma ai haka yatsuna suka yi sanyi a ranar, kuma a ƙa'idar wannan magani ciwo yakan ɗan tashi kafin ya sauka, alama ce ta yana aiki. Ya ƙara masa wasu ƙwayoyin. Na ga damuwa a fuskarsa, amma na ga kuma ya gaskata abin da yake faɗa. Wannan magana ta cewa ƙaruwar ciwo alamar sauƙi ce, ita ce na fi jin zafinta har gobe, domin ta toshe ƙofar da mutum zai bi ya gane cewa abin ya fi ƙarfinsa. Idan mara lafiya ya yi shiru, magani ya yi aiki. Idan ya rikice, magani yana aiki. To yaushe za a tashi?

Allah ya kawo mana Gwaggo. Yayar surukina ce, tsohuwar ungozoma da ta yi shekaru tana aiki a ɗakin shan magani na garinmu kafin ƙarfinta ya ƙare. Ta fito alwalar nafila ta ji nishin yaron ta kan katanga, ta shigo ba sallama mai tsawo. Ba ta tambayi abin da aka ba shi ba. Ta durƙusa ta sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗaga, tana so haɓarsa ta taɓa ƙirji. Wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, kafaɗunsa suka taso gaba ɗaya, ya yi ƙara. Ta karɓi tocila ta duba tafin ƙafarsa da cikin fatar idonsa, ta nuna mini wasu ƙananan ɗige-ɗige masu duhu, ta danna su da yatsa ba su ɓace ba.

Ta ɗago ta dubi Kawu ta ce, "Malam, wanga ba tsoro ba ne. Sanƙarau ne. Na ga irinsa a casa'in da shida har na gaji da gani. Ku tashi yanzu, yaron ga ba shi kai safiya nan."

Shekarar 1996 da ta ambata, duk wanda ya kai shekaruna a Arewa ya san ta. Annobar sanƙarau ta wannan shekara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Abin da Kawu ya yi a wannan minti shi ya sa har abada ba zan iya ƙinsa ba. Bai yi musu ba, bai ce a jira a ga aikin na ƙarshen da ya bayar ba. Ya bar akwatin a ƙasa ya fita da gudu, dattijo mai shekara kusan saba'in, ya je ya buga wa mai mota ƙofa. Mai motar ya ƙi, Kawu ya ce ya faɗi ko nawa ne, ya kuma je ya roƙo 'yan sintiri biyu su raka mu a kan mashin. Ya zauna a gaba, ni da Gwaggo muna baya da yaron a cinyarmu. Ban san yadda muka wuce wurin da aka yi harbin nan ba, idona yana kan ƙirjin Abba ina lissafin tashinsa da saukarsa.

Mun isa asibiti kafin kiran assalatu. A nan na gane cewa abin da muke ji a rediyo ba labarin wasu ba ne. Gadaje sun cika, an shimfiɗa tabarmi a baranda, ledojin ƙarin ruwa a rataye jikin ƙusoshi da tagogi. Yawancin masu jinyar yara ne da samari. Wata nas ta dube shi sau ɗaya ta ƙwala wa likita kira. Suka auna jininsa suka ce ya faɗi ƙasa sosai. Sai da suka sha wahala kafin su sami jijiya, suka ɗaura masa ruwa yana zuba da sauri, suka yi masa allurar seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya nan take, ba su jira sakamakon gwaji ba. Daga baya, da jikinsa ya ɗan daidaita, aka ɗebi ruwa daga gadon bayansa. Mutanenmu suna tsoron wannan gwaji, ana cewa shi ke gurgunta yara. Likitan ya nuna mini ruwan a cikin 'yar kwalba, ya ce na mai lafiya garau yake, na Abba kuwa ya yi gurɓi-gurɓi.

Ya tambaye ni yaushe ciwon ya fara, da abin da aka ba shi. Na ciro kwalbata daga jaka na miƙa masa, Kawu yana tsaye a gefe. Ya karanta ya mayar mini, bai yi faɗa ba, wataƙila gajiya ma ba ta bar shi ba. Ya ce wannan ba zai cutar da yaron ba, amma ba zai taɓa ƙwayar cutar ba ko kaɗan. Sannan ya yi mini bayanin da ya zauna a kaina. Ya ce wanda ya firgita hannuwansa sukan yi sanyi, zuciyarsa ta yi gudu, numfashinsa ya yi sama-sama, amma yana cikin hankalinsa, kuma abin yana lafawa da kansa. Wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa shi ma hannuwansa sukan yi sanyi, zuciyarsa ta yi gudu, sai dai shi jinin ne ya kasa isa gaɓoɓinsa, jiki yana janye ɗan abin da ya rage zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa. A ido suna kama da juna a farkon dare. Na biyun yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Shirun da Abba ya yi bayan isha'i, wanda muka yi wa hamdala, hankalinsa ne ya fara gushewa.

Kwanakin farko ba na son tuna su dalla-dalla. Yarinyar da ke tabarmar kusa da mu, wadda aka kawo daga wani ƙauye a kan amalanke, ta cika a gaban uwarta washegari da hantsi. Maigidana ya iso a hargitse. Kawu bai koma gida ba, a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya yake kwana, shi ke zuwa sayo duk abin da aka rubuta. A nan na ji daga bakin ma'aikatan cewa sanƙarau iri-iri ne. Allurar 2011 ta nau'in A ce, kuma ta yi aikinta, domin nau'in A da ya saba yi mana ɓarna ya kusan ɓacewa. Wanda ya zo mana a wannan shekara nau'in C ne, katin Abba bai rufe shi ba. A Zamfara ya fara, a ƙarshen 2016, ya bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Kafin damina ta sauka ta kashe shi, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 sun rasu. Sai a watan Afrilu aka fara allurar nau'in C a jiharmu.

Abba ya farfaɗo. Ya buɗe ido ya nemi fura, na fita baranda na yi sujada a kan siminti. Bayan mun dawo gida ne na lura idan na kira shi ta hagu ba ya juyowa, kuma yana tafiya yana tangaɗi. Tangaɗin ya tafi a hankali, jin bai dawo ba. Muka kai shi Sakkwato aka gwada, aka ce jijiyar jin kunnen hagu ta mutu, na dama ya tsira. Na tambayi likitar ko da mun zo tun magariba da kunnen ya tsira. Ta ce akwai waɗanda ake kawowa da wuri su ma su rasa ji, amma duk awar da aka rage kafin allurar farko tana rage haɗarin mutuwa da na naƙasa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum shida da irin wannan sanƙarau ya kama ɗaya yana mutuwa, cikin biyar kuma ɗaya yana fita da wata babbar illa.

Ƙanwata tana karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura a lokacin. Ita ta zaunar da ni ta warware mini lambar nan 30C da na yi ta gani ban taɓa tambaya ba. Ta ce ana ɗaukar ɗigo ɗaya na ruwan tsiron a zuba a ɗigo 99 na ruwa ko sinadarin tsarmi, a girgiza. A ɗauki ɗigo ɗaya daga wannan a zuba a wani sabon 99, a girgiza. Haka za a yi ta yi har sau 30. Ta ɗauki biro ta rubuta ɗaya, ta jera sifiri sittin a bayansa, ta ce kashi ɗaya ke nan cikin wannan adadi. Tun daga wajen zagaye na 12, in ji ta, da wuya a ce ko ƙwayar zarra ɗaya ta tsiron ta rage a ciki. Abin da ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukarin ke nan. Ta ce wannan ma rahama ce, domin shi tsiron akonayit ɗin, wanda ke fitowa a duwatsun Turai, dafi ne mai tsayar da zuciya, kuma duk wanda aka kawo wa saiwarsa ko ruwansa da ba a tsarma ba kada ya kusance shi.

Daga baya na bi sawun maganar da kaina a waya. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan homiyofati, ta fitar da rahoto a 2015 cewa babu wata cuta da aka sami ingantacciyar hujjar cewa yana warkarwa. A 2017, shekarar da muke kwance a baranda, hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, inda ake shansa sosai, ta daina biya wa mutane kuɗinsa daga inshorar gwamnati a farkon 2021.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne nawa daren. Idan sukari na sha, me ya tsayar da rawar jikina? Na daɗe ina juya wannan. Wata ma'aikaciyar jinya da muke hira da ita ta ce irin wannan firgita takan kai ƙololuwa cikin mintoci kaɗan, sannan ta sauka ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Na koma na tuna abin da Kawu ya yi tun daga shigowarsa: ya kori hayaniya, ya gaya mini na tsira, ya sa na ja numfashi a hankali, ya sa mini ambaton Allah a baki, ya zauna bai tafi ba. Na yarda Kawu ya yi mini magani a wannan dare, kuma ina gode masa har yanzu. Kuskuren da aka yi shi ne kwalbar aka ba ladan aikin, sai muka ɗauke ta muka kai ta inda ake bukatar allura.

Ban gaya masa haka da wuri ba. Shi ma ya yi watanni ba ya iya haɗa ido da Abba, sai dai ya aiko masa da tsire ko rake. Bayan babbar salla na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ina da magana, ku yi mini haƙuri in na yi rashin kunya." Na faɗa masa lissafin ƙanwata da maganar likita. Ya saurara har na gama. Ya ce shi har yanzu yana ganin akwai wani sirri a cikin abin da lissafi bai kai gare shi ba, domin ya ga mutanen da suka ji daɗinsa, shi ma yana jin daɗinsa a kan ciwon gwiwarsa. Ban ja da shi ba a kan gwiwarsa. Sai ya ce, "Amma zazzaɓi ya fita daga hannuna. Yaro ko babba, wanda duk jikinsa ya yi zafi, ko mai ciki, ko wanda numfashinsa ya canza, ba ni ba shi. Mota zan nema masa." Ya cika wannan alkawari. Har yau ba mu daidaita a kan asalin maganin ba, kuma ban fasa kai masa tuwon dare ba.

Abba ya girma. A aji, kujerar gaba ta ɓangaren hagu yake zama don kunnensa na dama ya fuskanci malami, kuma duk shekara sai na je na yi wa sababbin malamansa bayani, domin an taɓa dukansa a kan wai ana kiransa yana yin kunnen uwar shegu. Yana son lissafi. Ba ya son taron biki, hayaniya tana rikita shi, ba ya gane ta inda magana ke fitowa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ta haɗa nau'i biyar na sanƙarau, har da C ɗin da ya kama shi. Ranar da na ji labarin a rediyo shi na fara gaya wa.

Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa aljanna ce makomarta. Abin da ta yi da tafin hannunta a ƙeyar Abba na koya wa matan unguwarmu da iyayen ɗalibaina, tare da gargaɗin da ma'aikatan asibiti suka yi mini: jarirai sau da yawa wuyansu ba ya ƙagewa, sai dai maɗigarsu ta kumbura, su ƙi nono, su yi ta kuka ko su yi laƙwas, don haka ba a jiran sai wuya ya sandare.

Bazarar da ta wuce, maƙwabciyata ta shigo da daddare, ɗanta ɗan shekara shida yana zazzaɓi da amai, ya ce kansa zai fashe. Ta ce ta ji ina da maganin Indiya na ciwon farat ɗaya, in taimaka mata da shi zuwa safiya. Na taɓa yaron, wuyansa yana lanƙwasuwa, hannuwansa da ɗumi. Duk da haka na ce mata babu wannan magani a gidana, na tashi babban ɗana ya fito da mashin, na ba shi kuɗin mai, suka tafi. Aka gwada jininsa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne mai ƙarfi, aka yi masa allura aka riƙe shi ya kwana. Washegari da la'asar suka dawo gida da sauran magungunansa a leda.